Likitan Baranda

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Dakta Lawan, kuma har yau in na shiga Kura ranar kasuwa sai wani ya tare ni ya ce, "Kai ne ƙanen likitan baranda?" Ni ne. Da farko sunan na tsokana ne, sai ya bi shi har kabari.

Asalinsa wata ɗabi'a ce da ya ɗauka a ƙaramin asibitin da ya yi aiki, tsakanin Kura da Bunkure. In ya zagaya ɗakin mata da safe ya duba kowa, sai ya fito baranda ya juya baya, yana kallon gonakin shinkafa. Ba ya sallamar mara lafiya sai nas ɗin ɗakin, Sista Rakiya, ta sake bin gadajen ita kaɗai, ta fito ta gaya masa abin da ta gani. 'Yan jinya su yi ta gunaguni, wai likita na shan iska mutane na jira. Ni ma na taɓa yi masa tsiya, na ce ko gonar zai saya ne.

Ya yi murmushi ya ce, "Sani, mutanenmu suna ganin girman likita fiye da kima. Ko rai ake ja, 'da sauƙi' za a ce min. Ni na san magani, Sista kuma ita ake gaya wa ciwon. In ban jira ta ba, wa zan yi wa maganin?"

Na ɗauka magana ce irin ta 'yan boko, sai da abin ya zo gidana. Lokacin ɗiban tumatir ne matata Asabe ta haihu a asibitin, kuma shi kaɗai ne likita a wurin. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin mace da wan mijinta. Tun da aka kawo Asabe gidanmu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Da ya zo gadonta ya ce, "Asabe, ya jiki?" sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Da sauƙi, Yaya." Ya riƙe hannunta, ya duba idonta, bai ga abin tashin hankali ba. Ya fito barandarsa.

Ni kuwa na riga na roƙi maƙwabcina ya biyo da motarsa ya kai mu gida. Kwandunan tumatir ne a bayanta, rana na dukansu, shi kuma sai danna oda yake yi. Na ce, "Yaya, ai ka ji ta ce da sauƙi." Bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ni ta gaya wa."

Daga baya na ji yadda aka yi a ciki. Sista Rakiya ba tambaya ta yi ba. Zama ta yi a bakin gado, ta ɗan yi wa jaririya wasa, ta ce, "Ƙanwata, matsa in gyara miki shimfiɗa." Tana ɗaga zani ta tarar da wasu zannuwan an ninke an cusa a ƙasa, sun jiƙe sharkaf. Jini ne yake zuba tun safe, Asabe tana ɓoyewa don kada yayan mijinta ya gani. Sista ta leƙo baranda, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Likita, ba inda za ta."

Abin da na gani ta ƙofa kafin a ja labule, har yau ban manta da shi ba. Yaya bai tambayi Sista ko ta tabbata ba. Kafin ya ce a sa ruwa, ta riga ta samu jijiya. Ya miƙa hannu bai duba ba, allura ta sauka a tafinsa. Ta ce masa, "Danna nan," ya danna, shi da ake tashi tsaye in ya shigo. Wata nas ta ɗaga ƙafar gado ba wanda ya ce mata. Sai ka ce mata uku suna daka a turmi ɗaya, taɓarya ba ta bugun taɓarya. Aka ɗebi jinina aka ƙara mata. Da komai ya lafa, Yaya ya ce min da ta shiga motar nan, da ba ta kai la'asar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An yi wa asibitin sabon gini, likitoci matasa suna duba sakamakon gwaji a waya, kuma na san zai ji daɗin wannan, don mutum ne mai son sabon abu. Amma da ya ji a rediyo likitoci da nas-nas suna jayayya a kan wa ke gaba da wa, shiru zai yi, irin shirun nan nasa da ya fi faɗa ciwo. Kunyarmu dai tana nan yadda ya bar ta. An ce min wasu a asibitin suna jiran bakin nas kafin sallama, wasu kuma sauri ba ya barinsu.

Yaya bai bar gini da sunansa ba. Sista Rakiya ma ta riga mu gidan gaskiya bara. Jiya na gaya wa Asabe zan yi rubutu a kansa, na tambaye ta ko akwai abin da take so in sa. Tana tsince shinkafa a faifai, jikarta a cinya. Ta ce, "Malam, ka san har ya rasu ban iya buɗe baki na yi masa godiya ba. Ka rubuta cewa ba na sallame salla ban roƙa musu gafara ba, shi da Sista. Tare nake faɗa, don ban san wanda zan fara ambata ba."

Allah ya jiƙansu su biyun.