Faifan Yaya Sale da Jakata ta Kuza

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Sale, ma'aikacin ruwa a Tiga. Aikinsa auna tashi da saukar ruwan dam, ya rubuta a littafi. Da waɗannan littattafan ake sanin ranar da za a sakar wa masu noman rani ruwa, ga shi kuwa gara ta fara cinye su.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ya sami wata tsohuwar kwamfuta mai tsarin Linux, irin na kyauta da kowa ke iya gyarawa. Ya ƙudurta sai ya kwashe lissafin ruwan ya zuba ciki. Amma a lokacin sa manhaja ɗaya jidali ne. Ka sa wannan, ta ce sai ka kawo waccan, waccan ma ta ce tana jiran wata. Kowacce kuma sai an kwafo ta daga Kano a ɗan faifan kwamfuta irin na da, wato fulofi.

Ni nake karɓo masa, tunda ina zirga-zirga tsakanin Kano da Riruwai wajen sayen kuza. Sau uku ina kawowa, sau uku kwamfutar na cewa babu komai a faifan. A na ukun ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Bari kawai, Ɗanlami. Kaina ne ba ya ja." Bai sake taɓa ta ba. Gara ta gama da littafi shida kafin a kwafe sauran da hannu.

Bara 'yata Hadiza ta nuna mini yadda ake yi yanzu. Ka buɗe rumbun manhajoji, ka danna, manhajar da kanta ta jawo duk abin da take bukata. Da Yaya ya gani, na san tsaki zai ja ya ce an sangarta mutane, sannan ya ture Hadiza gefe ya zauna gaban kwamfutar.

Ina ba ta labarinsa, ta tambaye ni a ina nake sako faifan. Na ce a jakar aikina mana, tare da mayen ƙarfen da muke tsince baƙin yashi daga kuza. Ta dafe kai. "Baba, ai mayen ƙarfe goge faifai yake yi!"

Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Tsofaffin manoman Tiga har yau suna cewa a zamaninsa ruwa bai taɓa makara ba, wannan ya ishe shi shaida. Amma ya tafi yana ganin shi ne ya gaza, ni kuwa ba ni da inda zan kai masa gyara. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Kanka lafiya lau, ni na ɓata maka aiki.