Rubab Ɗin Inna a Kufan Kittle Cove

Eldred Keeping yana da shekara goma sha ɗaya gwamnati ta tashi ƙauyensu na Kittle Cove, a gaɓar tekun Newfoundland, can ƙasar Kanada. Da idonsa ya ga an ɗaura wa gidajen katako gangunan mai don kada su nutse, an ja su a kan ruwa zuwa gari. Ya yi shekara arba'in yana kamun kifi, da gwiwa ta ci amanarsa ya dawo bakin shago yana ba da labari. Labarin kuwa ɗaya ne. Ka ce masa an sha ruwa jiya, sai ya ce ai ba ka ga ruwan Kittle Cove ba.

Ana nan sai baƙi suka fara zuwa da jakunkuna a baya, suna son bin tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa kufan ƙauyukan bakin teku. Wa aka ba ja-gorancinsu? Melvina! Ƙanwarsa, autar gida, wadda aka haifa a gari shekara biyu bayan tashi. Baƙin har suna kiranta 'yar Kittle Cove. Abin ya tsaya wa Eldred a wuya. Kishi ne tsagwaronsa, amma da za ka faɗa masa sai ya wanke ka tas.

"'Yar ina? Yarinyar da ko ruwan rijiyar ƙauyen ba ta sha ba!"

Wata Asabar, ana tsuga ruwa tun safe, ya zura takalmin roba ya bi ayarin, da niyyar ya kwance mata zani a kasuwa.

"Yaya, da wannan gwiwar?" in ji Melvina. "Kilomita tara ne fa."

"Ina bin hanyar nan tun ba a san za a yi ki ba. Ke dai wuce mu je."

Taɓo har idon sawu, duwatsu sai santsi, teku tana ta ruri a ƙasa. Suka wuce kufai biyu, ba komai sai harsashin gini da kaburburan da suka karkace. Duk abin da Melvina ta faɗa wa baƙin, sai Eldred ya gyara mata daga baya: ba nan cocin yake ba, ba haka sunan mai shagon yake ba. Ta ƙyale shi.

Suna gangarawa Kittle Cove ya sha gabanta. "Ku biyo ni in nuna muku inda gidanmu yake a da. Ni aka haifa a ciki."

Allah sarki, shekara hamsin rabonsa da wurin, daji ya cinye komai. Ya yi hagu, ya yi dama, ya rufta rami. Baƙi shida suna tsaye cikin ruwa suna kallonsa. Can ya hango jajayen kara masu faffaɗan ganye a bayan wani dutse, ya ƙwala ihu.

"Ga shi! Rubab ɗin Inna, da take mana miyar tsami da sukari! Da hannunta ta shuka shi a ƙofar kicin. Kun gani? Ba mai kula da shi, amma yana nan yana jirana. Ke, kin san wannan?"

Ya durƙusa zai karyi kara ɗaya, hannunsa ya taɓa ciyawar teku shimfiɗe a gindin, irin takin da mutanen yankin ke zubawa. Ɗanya shar. Kuma kowa a gaɓar nan ya san rubab in ba a tono saiwarsa an raba ta duk bayan 'yan shekaru ba, lalacewa yake. Wannan an raba shi gida biyar, a jere.

Ya ɗago kai a hankali.

"Shekara ashirin ke nan ina zuwa," in ji Melvina. "Inna ce ta kwatanta mini wurin tana kwance a asibiti. Ta ce kada in bar shi ya mutu."

Nan ne kishin ya soke shi har ƙashi. Shi ma ai ya zauna a bakin gadon nan, sati uku cur.

"To ni me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

Melvina ta kalli baƙin, ta rage murya.

"Na tambaye ta, Yaya. Ta ce kai baki Allah ya ba ka, ni kuma ƙafa."