Tankin Hamisu da Takardar da Na Hana Shi Cikewa

Bana shekara tara ke nan da muka sallaci aminina Hamisu a nan Riyad. Ɗaki ɗaya muka raba a unguwar Nasiriya, shi direba a wani kamfanin gine-gine, ni mai gadi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ciwon zuciya ya ɗauke shi cikin kwana biyu, Allah ya jiƙansa. Abin da ya taso min da shi yanzu shi ne 'yarsa Rukayya, mai karatun injiniya a gida. Ta kira ni tana neman zanen abin da mahaifinta ya ƙera. Babu zane, kuma ni ne sanadi.

Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san tankin saman bene. Rana ta dafa ruwan, ka buɗe famfo da azahar za ka yi alwala, ka janye hannu ba shiri. Mu sai mu tara a bokiti tun da safe. Hamisu kuwa hannunsa ba ya zama. Ya tsinto fankar mataccen esi, ya lulluɓe tankin da buhu, ya jawo ruwan da esi ke ɗigarwa a banza yana jiƙa buhun, kamar yadda ake yi wa tulu a ƙauye. Wannan kowa zai iya. Gwanintar tana ga wani ɗan maƙale da ya haɗa, mai kunna fankar da kashe ta gwargwadon zafin ruwan. Wata huɗu yana fama da shi, ni ina yi masa tsiyar wai direba ya zama farfesa.

Akwai wani injiniya ɗan China da Hamisu ke tuƙawa. Da ya ji labari sai ya hau benenmu, ya daɗe tsugune a rana yana kallo. Ya ce a zana shi a takarda, a yi rajistarsa da sunan Hamisu, shi zai taya shi cike takardun. Hamisu ya same ni baki har kunne.

Na ce, "Me aka rubuta a iƙamarka, takardar izinin zamanka?"

Ya ce, "Direba."

Na ce, "To ina direba ina ƙere-ƙere? Kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya ji kana wani aiki, sai dai ka tsinci kanka a filin jirgi da jakarka. Kuma ka zana wa baƙo sirrinka, gobe ka gan shi a kwali."

Ya ce haka ne. Ban tambayi kowa ko doka ta hana ba. Tsoro ne kawai irin namu na masu zama da iƙama, na zuba masa nawa a kan nasa. Bayan rasuwarsa mai gida ya canza tanki, aka kwashe komai aka zubar.

Yanzu kullum labarai na cewa 'yan China sun fi kowa shigar da takardun rajistar ƙirƙira a duniya. Mu da muke kiran duk kayan da ba su da ƙarko "ɗan China". A shagunan kayan famfo ina ganin na'urorin sanyaya tanki daga can, da lambar rajista a jikin kwali. Ba irin na Hamisu ba ne, kuma wallahi injiniyan nan ko hoto bai ɗauka ba. Na yi masa mummunan zato a banza. Su dai in tunani ya zo musu sai su rubuta, su sa suna, na baya ya ɗora a kai. Mu kuma mu ɓoye a ka, kai ya tafi kabari da shi.

Da Hamisu na nan ba zai yi hassada ba, na san hali. Sayen ɗaya zai yi ya kwance ta a tsakar ɗaki, ya ce nan sun burge shi, nan kuma sun yi ganganci.

Me ya rage daga gare shi? Mutanen da suka yi alwala da ruwan sanyi suna nan suna sa masa albarka, ga kuma yarinyar da ta gaji hannunsa. Na faɗa mata gaskiya duka, ina jin kunya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baffa, faɗa min abin da idonka ya gani, ni zan zana."

Na tuna buhun, na tuna fankar. Da ta zo kan maƙalen sai na ce mata ban sani ba. Wata huɗu ina zaune kusa da shi ina dariya, ban taɓa tambayarsa yadda yake aiki ba.