Kalmar da Malama Bara'atu Ta Faɗa a Tsafe

Malama Bara'atu Umaru haifaffiyar Nahuce ce, ɗiya ta huɗu a gidan manomi mai gero da dawa da 'yan awaki. Ita kaɗai ce cikin matan gidansu ta wuce firamare, shi ma don kawunta da ke aikin malanta a Gusau ba shi da ɗiya mace, ya roƙi a ba shi ita riƙo. A can ta yi sakandare da kwalejin horon malamai, aka tura ta koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Bungudu. Shekararta ashirin da uku a wurin. Ni a nan na same ta. Lissafi nake koyarwa, teburinmu ɗaya a ɗakin malamai.

Ba ta son misalan da ke cikin littafi. Takan ce yarinyar da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ina ruwanta da lokacin tashinsa. Sai ta sa ɗalibai su gina jimla da abin da ke gidajensu. Akwai darasin da take yi duk shekara a kan "used to" da "but", wato yadda ake faɗin abin da aka saba yi da, amma yanzu an daina. A shekarun farko yara kan rubuta cewa da suna tsoron kare amma yanzu ba sa ji. A 'yan shekarun nan kuwa sai ta riƙa ganin wasu irin jimloli: da muna noma, amma yanzu awo muke yi, da muna da gida a ƙauye, amma yanzu muna zaune a zauren kawu. Takan gyara nahawun da jan biro ta ba da maki, ba ta ƙara komai.

Mijinta Mannir direba ne, ciwon suga ya yi ajalinsa. Da ta fita takaba ta dawo aiki, wani sufeto da ba ya jin Hausa ya tambaye ta dalilin daɗewarta, ta ce masa, "I lost my husband." Bayan ya fita ta ce mini Turanci da kalma ɗaya yake faɗin ɓatan makulli da faɗuwa a wasan ƙwallo da mutuwar miji. Ta ce a ranar kam ta ji daɗin hakan, don kalmar ba ta da nauyi a baki.

A hutun ƙarshen shekara wata ƙungiyar agaji ta zo Tsafe rubuta sunayen mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. Suna neman mata masu tafinta, Malama ta je aikin mako biyu. An haɗa ta da wata ma'aikaciya 'yar Kudu mai shigar da bayani a na'ura. Mata su yi magana, Malama ta juya da Turanci, ma'aikaciyar ta danna.

A rana ta tara aka zo kan wata Bafulatana mai suna Inno, mai 'ya'ya uku. Ta ce, "Da hantsi suka zo, suka kora shanun, suka tafi da maigidana Hamza. Wata biyar ke nan na rasa shi, ko ɗuriyarsa ban ji ba." Layi ya yi tsawo, rana ta take. Malama ta taƙaita, ta ce wa ma'aikaciyar, "She lost her husband." Ita kuwa ta danna gurbin matan da mazansu suka mutu, aka kira ta gaba.

Bayan wata guda katin Inno ya fito. Wani mai karatun boko ya karanta wa dangin mijinta abin da ke jiki. Ibrahim, yayan Hamza, ya ce tunda masu takarda sun rubuta haka, sun san abin da su ba su sani ba. Aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa, aka ce Inno ta shiga takaba. Ta ƙi. Ta hau mota har Bungudu tana tambayar malamar da ta yi tafinta, har aka nuna mata makarantarmu. Ina zaune ta yi sallama, goye da ƙaramin ɗanta.

"Malama, mi kika gaya wa matar nan?"

Ta miƙa katin, Malama ta karɓa ta duba.

"Ni ban ce ya mutu ba," in ji Inno. "Wa ya ga gawarsa? Cewa na yi sun tafi da shi."

"Haka kika ce, 'yar'uwa. Ba ki ce ya mutu ba. Ni ce na faɗa da kalmar da ke ɗaukar duka biyun, ita kuma ta ɗauki ɗaya. Laifina ne."

Washegari Malama ta nemi izini suka tafi ofishin ƙungiyar a Gusau tare da Inno. Wani jami'i ya saurare su, ya ce gurbi uku ne kawai a takardar: mai aure, wadda aka saka, da wadda mijinta ya mutu. Ya ƙara da cewa a bar shi haka ma ya fi mata, don matan mamata ake fara ba abinci. Malama ta juya wa Inno maganar, ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

"In an gyara, za a mai da ke baya a layin rabo."

"A mai da ni," in ji Inno.

Sai da Malama ta je ofishin sau uku. A na ukun aka mai da Inno gurbin masu aure, aka rubuta a ƙasa "husband missing", wato mijin ya ɓata, ba a san halin da yake ciki ba. Ranar Asabar Malama ta ɗauki sabon katin da kanta ta kai Tsafe. Ta nemi a kira mata Ibrahim, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a gaban mazan gidan cewa babu wanda ya kawo labarin mutuwar ƙanensa, bakinta ne ya kuskure. Ibrahim ya karɓi katin yana juya shi a hannu. Ya ce, "To, Allah ya sa yana raye, Malama. Mun yi kuka kwana uku." Ta ce ta sani, su yafe mata. Ya ce ya yafe.

Ta sake yin aikin tafinta sau biyu bayan wannan. Ma'aikatan sun yi ƙorafin layinta ya fi na kowa jinkiri, don duk matar da ta ce ta rasa wani sai Malama ta tambaye ta ko an ga gawa, ko an yi jana'iza. A karo na uku ba su kira ta ba, ita ma ba ta nema ba.

Yanzu shekara biyu ke nan babu labarin Hamza. Inno ta koma wajen yayanta kusa da Rawayya, tana sayen madara a hannun maƙwabta tana kai nono kasuwa. Wani malami ya gaya mata tana iya kai maganar aurenta gaban alƙali in ta ga dama, ta ce ba yanzu ba. Takan kira Malama a waya lokacin sallah su gaisa. Malama kuma baɗi za ta yi ritaya, ta riga ta fara gyaran ɗaki biyu a bayan gidanta inda take son ta riƙa koya wa matan aure karatu da yamma.