Duwatsun Yaya Sabi'u da Buhun Shinkafa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabi'u, tsohon malamin dabbobi. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi a gidansa na Kazaure, gaban matarsa Hajiya Binta, da babban ɗansa Nura, da ni. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa in fasa. Bana na rubuta, domin abin da ya faru a gidan makon jiya ya hana ni yin shiru.

Yaya bai fara tara duwatsu masu daraja ba sai da ya yi ritaya. Wani makiyayi daga Gwiwa, wanda ya daɗe yana duba masa shanu, ya dawo daga kiwon rani a kudu da wata tsakuwa ja, ya ba shi tsaraba. Yaya ya ɗaga ta a rana, ya ga haske yana ratsa ta. Tambaya ɗaya ta kama shi: mece ce wannan? Amsar ta ɗauke shi sauran rayuwarsa. Ya sayi madubin ƙara girma, da hantsaki, da ƙaramin sikeli, da tocila mai farin haske. Makiyaya suka riƙa kawo masa abin da suka tsinta. Yana saye a hannun fataken Nijar da ke shigowa Babura, wani lokaci a Kano.

An cuce shi sau da yawa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. An sayar masa da fasasshiyar kwalba da aka goge, aka ce yaƙutu ce. Bai yar da ita ba. Ya ce da jabu ake gane na gaske, sai an ajiye su gefe da gefe. A ɗakinsa na ƙofar gida ya jera kiret-kiret na ƙwai, ya shimfiɗa auduga a kowane gurbi. Na dama, waɗanda ya tabbatar da su. Na hagu, jabun da aka sayar masa. Na tsakiya, waɗanda suka fi yawa, su ne waɗanda yake cewa, "Ban sani ba tukuna." Dutse yakan yi damina biyu a tsakiya kafin ya matsa.

Aikina na rediyo ya koya mini cewa abin da ba a rubuta ba ɓata yake yi. Na sha ce masa ya manna wa kowane gurbi suna.

"Ai ina nan," in ji shi. "In na rubuta, gobe takardar zan duba, ba dutsen ba."

Ranar da ya rasu, 'yan'uwa suka iso daga Roni, ana neman inda za a shimfiɗa musu tabarmi. Muna maƙabarta aka share ɗakin. Masu sharar ba su yi da mugun nufi ba, hasali ma tattalin kayan suka yi: suka juye kiret-kiret ɗin duka cikin wani buhun shinkafa, suka ɗaure bakinsa da kyau don kada ko ɗaya ta ɓata. Ko ɗaya ba ta ɓata ba. Aikin shekara goma ne kawai ya ɓata.

An raba gida da gonaki ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Da aka zo kan buhun, malamin da ke rabon gadon ya ce ba zai raba abin da ba a san ƙimarsa ba, aka ajiye shi a ɗakin Hajiya Binta. Daga nan aka fara. Nura yana kallon bidiyo a waya, inda wani zai ɗaga dutse ya ce kuɗinsa ya sayi mota. Ya tabbatar wa kansa akwai irinsa a buhun. Ƙanwarsa Rabi ta ce tsakuwa ce, a zubar kowa ya huta. Nura ya ce mai cewa a zubar ya riga ya tsince nasa. Tun daga wannan magana ba ta sake taka gidansa ba, ko da matarsa ta haihu.

Ni ba magaji ba ne, shawara kawai nake da ita. Na ce a ɗauki buhun a kai Jos, inda masu na'urar gwaji suke, Nura da Rabi su tafi tare a auna a gabansu, a ware na gaske, a ware jabu, a bar tarin a haɗe yadda mai shi ya so.

"Baffa, in suka shiga da shi ciki suka musanya fa?" in ji Nura.

Na ce to a kawo mai gwajin gida.

"Shi kuma sai ya ce duk kwalba ce, ya saye a banza."

Shekara shida muna zagaya wannan wuri. Nura ba ya yarda da wanda ya sani, ba ya kuma yarda cewa shi bai sani ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu mutum yakan ɗauki hoton dutse ya tura, cikin minti kaɗan wani da bai taɓa riƙe shi ba ya faɗi sunansa da kuɗinsa. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai nemi a miƙo masa dutsen, ya fita da shi tsakar gida, ya juya shi a rana, ya ce bai sani ba tukuna. Wannan jimla ita ce abin da ya bari mafi tsada, kuma ita kaɗai ce babu wanda ya nemi kasonsa a ciki. Ni dai na riƙe ta. Ta hana ni faɗin abubuwa da yawa da ban tabbatar ba, har a wannan shafi: ban san ko akwai abin kirki a buhun ba, ban kuma san ko babu ba.

Makon jiya Hajiya Binta ta aiko a kira ni.

"Mai labaran duniya, zauna ka ji na gida," in ji ta. "Na gaji da gadin buhu. Ɗana na cikina yana shigowa gaishe ni, idonsa na ƙarƙashin gado. A raba, ko me ke ciki."

Na sake kawo maganar Jos. Ta ce, "Ka kai su Jos da bakinka shekara shida, sun isa?"

Aka tara magada, aka kira malamin da ya yi rabon gadon. Malamin ya ce tunda magada duka sun yarda, sun kuma yafe wa juna bambancin da zai iya fitowa, za a raba da awo. Aka zazzage buhun a kan tabarma, aka cakuɗa da hannu, aka kawo gwangwanin madara. Aka fitar wa Hajiya kashi ɗaya cikin takwas, sannan namiji gwangwani biyu, mace ɗaya, kamar ana rabon gero. An gama kafin la'asar. Rabi ta ƙulle nata a gefen mayafi ta fita. Nura ya jira sai da ƙarar babur ɗin da ya ɗauke ta ta yi nisa, sannan ya tashi.