Matar da Ta Riƙe Babban Faranti da Hannu

Ƙarfe shida da rabi motar ma'aikata ke ajiye ta a bakin ƙofa, amma ba a taɓa ganin ta jira direba ya gama tsayawa ba. Ƙafa ɗaya a ƙasa, jaka a hammata, tana amsa gaisuwar maigadi tana tafiya. Ba ofis take fara shiga ba. Sai ta zaga bayan ginin, inda babban farantin da ke harba shirye-shirye zuwa tauraron ɗan'adam yake kallon sama, faɗinsa ya fi tsakar gidan mutane da yawa. Ta dafa ƙarfen ƙafarsa ta ji ko yana rawa, ta buɗe akwatin injin da ke juya shi ta shinshina ko akwai ƙauri, sannan ta haura ɗakin allunan talabijin ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ko waya take amsawa, tana kai da komo ne. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Mazari. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana injiniya a kamfanin, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Lokacin da ta zo, tasha biyu kacal kamfanin yake da su. Shirye-shirye a kaset suke zuwa cikin kwali, a ɗauko a zura da hannu. Farantin da ake kafa wa mai saye kuwa sai ƙarti huɗu sun yi masa taron dangi, a dasa shi da siminti, bayan duk wannan wahala hoton ya fito kamar an watsa masa gishiri. A gabanta dikoda mai kati ta shigo, hoto ya washe, farantin gida ya ƙanƙance ya koma kamar tire, tasha biyu suka haura ɗari. Manajoji sun zo sun wuce. Abin da bai canza ba shi ne, duk abin da mutum ya gani a ɗakinsa sai ya fita ta babban farantin nan, ya yi tafiyar kilomita dubu talatin da shida, sannan ya faɗo masa a kan rufi.

Ba za mu ɓoye aibinta ba, don ita ma ba ta ɓoyewa. Ba ta yarda da hannun kowa. Dogo, abokin aikinta da suka yi shekara ashirin tare, yakan ce, "Ko ƙusa zan ɗaure sai ta tsaya a kaina kamar na ci mata bashi."

Shekara tara da suka wuce aka shiga halin da ya sa ake wannan rubutu. Tauraron da kamfanin ke amfani da shi ya tsufa, mansa ya yi ƙasa, ya daina tsayawa wuri ɗaya, sai ya riƙa lilo arewa da kudu. Ƙananan farantan gidaje ba su damu ba, idonsu mai faɗi ne. Babban kuwa idonsa tsukakke ne, dole ya bi tauraron taku bayan taku, kuma injin nan ne ke yi masa jagora. Wata ranar Talata da hantsi injin ya ƙone. Aka bincika, sabo ba zai iso ba sai bayan kusan mako uku.

A shekarar ambaliya ta rufe makarantu da yawa, jarrabawar kammala sakandare saura wata guda, kuma ta tashar darasi ta kamfanin ne yara ke bitar karatu.

Manaja ya tara su ya ce, "Ba yadda za mu yi. Mu ba mutane haƙuri, mu rufe har injin ya zo."

Mazari tana tsaye jikin taga. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ita jarrabawar za ta yi haƙurin?"

"To da me za ki juya ƙarfe mai nauyin motar kaya?"

"Yana da mariƙin hannu. Waɗanda suka ƙera shi ba don ado suka sa ba."

Ta jawo waya daga ɗakin alluna har gindin farantin, ta ɗaura agogon auna sigina a kan kujera. Duk bayan minti ashirin allurar agogon ta fara kwanciya, sai a kama mariƙin a juya a hankali har ta miƙe. Dogo ya karɓi dare, ita ta riƙe rana. Minti ashirin ba ya isar mutum ya ci abinci cikin natsuwa. Tafin hannunta ya yi kanta, kafaɗarta ta dama ta riƙe, har yau ba ta ɗaga ta sosai. Direba ya ce ta koya masa ya riƙa karɓarta, ta ce masa ya je ya wanke motarsa.

Rana ta goma sha ɗaya, da azahar, maigidanta ya kira. Autarsu na naƙudar fari tun safe, abin ya ƙi, likita ya ce sai an yi aiki. Ya ce, "Ke take ta kira. Ki bar ƙarfen nan ki taho."

Ta buga wa Dogo, wayarsa a kashe, yana ramuwar barci a gidansa can ƙarshen gari. Ta nufi ƙofa, ta dawo. Ta sake nufar ƙofa, allura ta fara kwanciya, ta dawo ta juya. Hawaye na zuba, hannu na aiki.

Iya mai shara ce ta jingine tsintsiyarta. Dattijuwa ce da ba ta cika magana ba. Ta ce, "Injiniya, tafi wurin 'yarki. In allurar ta faɗi, a juya gaba kaɗan. In ta ƙara faɗuwa, an yi kuskure, a koma baya. Kwana goma sha ɗaya ina kallonki."

"Iya, wannan ba shara ba ce. Juyi ɗaya ya wuce, kowa ya rasa hoto."

"Ni da na tarbiyyantar da 'ya'ya biyar da keken ɗinki na hannu? Matsa ki gani."

Iya ta kama mariƙin, ta juya kamar mai lallashin jariri. Allura ta miƙe tsaye. Mazari ta dube ta, ta ɗauki jakarta.

A asibiti ta iske za a shiga da auta ɗakin aiki, ta samu ta riƙe hannunta har bakin ƙofa. Daga nan sai jira. A barandar asibitin akwai talabijin a bango, wani malami na koyar da lissafi. Maigidanta ya ba da labarin cewa ta kasa zama, ido ɗaya a ƙofar ɗakin aiki, ɗaya a bango. Can sai fuskar malamin ta fara kakkaryewa, muryarsa na yankewa. Maigidan ya ga hannunta na dama yana juya iska, leɓenta na motsi. Kafin ya ƙirga goma hoto ya dawo tas. Sau uku aka yi haka kafin nas ta fito ta ce an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Sai a lokacin ta samu ta zauna.

Washegari ta kira direba da maigadi da masu amsa waya, ta jera su a gindin farantin, ta ce Iya ta nuna musu. Kwana goma sha tara aka yi kafin injin ya iso, darasi bai yanke ko na yini ɗaya ba. Bayan shekara aka koma sabon tauraro. Yaran da suka zauna jarrabawar nan wasu yanzu malamai ne, kuma babu wanda ya san da ita a cikinsu.

Ke ce kika tsaya a rana don wasu su yi karatu a inuwa. Ke ce kuma, da girmanki da iliminki, kika yarda mai shara ta koya miki abin da makaranta ba ta koya miki ba. Daga ranar ba a sake jin kin kori mai tambaya ba. Injiniyoyi bakwai da ke tashar yau duk ta hannunki suka bi, uku mata ne.

Mun gode, Mazari, a madadin gidajen da ba su taɓa jin labarinki ba. Allah Ya huta da gajiya, Ya sassauta kafaɗar nan, Ya raya jikar. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowa ya riƙe nasa da irin wannan amana. Wanda ya iya wani abu kuma, ya waiwaya ya koya wa na kusa da shi tun ranar buƙata ba ta zo ba.