Fura a Gabas, Nono a Yamma

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ita ce shekarar da aka sake wa kasuwarmu ta Minna fasali. 'Ya'yana huɗu a lokacin. Maigidana lebura ne a layin dogo, abin da yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata, fura ce take rufa mana asiri. Kullum na idar da sallar asuba sai in hau daka, in dafa, in kirɓa, in cura, kafin hantsi ina kasuwa.

Ni dai ba ni da saniya ko ɗaya. Nonon na wata Bafillatana ce da take zuwa daga rugarsu can bayan Bosso. Shekara bakwai muna zaune gefe da gefe. Mai saye zai tsuguna, in jefa fura biyu a ƙwarya, ita ta zuba nono ta dama, ya sha ya ba kowa kuɗinta. Tana ce mini Kaɗo, ina ce mata Fillo, ba mu taɓa yin faɗan da ya kwana ba. Yawancin masu sayenmu 'yan dako ne na tashar jirgi, mutanen da ba su da lokacin zama.

Sai aka ce majalisar gari ta zauna, ta ga kasuwa ta cakuɗe, za a gyara. Aka zo da igiyar awo da turaku, aka kafa rumfunan kwano layi-layi. Gaskiya sun yi kyau, ba zan hana musu wannan ba. Ranar rabon wuri malamin kasuwa ya zauna a teburi, da fensir a bayan kunne, ya shimfiɗa taswira ya danne ta da duwatsu huɗu.

"Baiwar Allah, me kike sayarwa?"

"Fura, Malam."

"Da me ake yin ta?"

Na ɗauka wasa yake, don mutum ne da ya girma da fura kamar kowa. Na ce da gero.

"To, layin hatsi, gabas. Ke fa?"

Fillo ta ce nono. Ya tambaye ta daga ina nono yake fitowa. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai, Malam, duk karatun nan ba a gaya maka ba?"

Jama'a suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce nono na saniya ne, saboda haka wurinsa yamma, kusa da karar shanu da mahauta. Na ce masa a hankali ai tare muke. Ya ce takarda ba ta san tare ba.

Kasuwa guda ce cur a tsakaninmu. Wane ɗan dako ne zai sayi fura a gabas, ya riƙe ta a tafin hannu ya ratsa masu yadi da masu tukwane, ya je yamma neman nono? Ranar farko na sayar da curi takwas. Sauran na dawo da su gida sun fara tsami. Kwana uku yarana suna shan fura da ruwa safe da yamma, har ƙaramar ta fara kuka in ta ga ludayi. Ita kuma Fillo ƙudajen mahauta suka yi mata sallama, ko faifai ba ta iya ɗagawa. Na gwada ɗaukar ƙwaryata in je wurinta, ɗan doka ya maido ni, wai kowa ya tsaya a layinsa.

Malamar ajinmu ta ce in rubuta takardar koke. Ita ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa a duniya. Kwana huɗu ina yi ina gogewa, layi shida kacal. Bayan mako biyu aka kira ni gaban sarkin kasuwa da wasu dattawa huɗu, masu tsarin. Na durƙusa na ce, "Ranku ya daɗe, fura ba ta shayuwa sai da nono." Suka gyaɗa kai kamar na kawo labari daga wata ƙasa. Suka shiga muhawara, ni ina gefe a kan tabarma. Azahar ta yi, sai ga ƙore an kawo musu daga gidajensu, fura damammiya fara sol. Suka sha suka goge gemu, suka ci gaba. Nan na gane matsalarsu. Tun da aka haife su a dame ake kawo musu ita, ba su taɓa tambayar inda fura da nono suka haɗu ba.

Da la'asar suka yanke hukunci. An yi kuskure, in ji su: fura ba hatsi ba ce, tunda an dafa ta. A mai da ni layin masu tuwo. Layin masu tuwo kuwa ya fi na hatsi nisa da layin nono. Na yi godiya, ai haka aka koya mana.

Washegari Fillo ta tare ni a bakin kasuwa.

"Kaɗo, mijina ya ce in daina wahalar da wuyana. Daga jibi Bosso zan tsaya."

In ta tafi, tawa ta ƙare. Na ce ta ba ni yini ɗaya.

Na je wurin malamin kasuwa na roƙe shi ya nuna mini taswirar, wai ina son in gwada karatuna. Abin ya yi masa daɗi. Ya bi layi-layi da fensir yana karanta mini, ina cewa madalla. Can gefe, bayan wani jan layi mai kauri, ta hanyar tasha, na ga fili fari ba rubutu.

"Malam, nan fa layin su wa?"

"Nan ba kasuwa ba ce. Bayan shinge ne."

"To wa yake kula da shi?"

"Ba ni ba dai. Abin da ba ya cikin takarda ba ruwana da shi."

Wata Banufiya mai shinkafa tana tsaye tana jiran a ba ta wuri. Na ce, "Yaya, kin ji abin da Malam ya ce?" Ta ce da kunne biyu.

Washegari muka zauna a bayan shinge, taku uku daga ƙofar kasuwa, a bakin kwata, ba inuwa. Maigidana ya kafa mana zana biyu. 'Yan dako suka gan mu tun kafin su shiga. Kafin wata ya ƙare duk masu fura da masu nono sun fito sun jeru kusa da mu, ɗan doka yana wucewa yana kallon sama.

Majalisa ta sake zama a kan dalilin da ya sa layin nono ya zama kango. Ba su kira ko ɗayarmu ba. Suka gano da iliminsu cewa matan Fulani ba su saba da rufin kwano ba, shi ya sa suka gudu. Aka ba da umarni a cire kwanon a sa ciyawa. An kuwa cire. Muna ta bayan shinge muna kallo ana yi wa rumfunan da ba kowa jinka mai kyau, mu ruwan damina yana dukanmu ta gefen zana. Rumfa dai ban taɓa samu ba har na bar sana'ar, amma ban ƙara komawa gida da fura mai tsami ba.